Muryar Kaka Tani Ba Ta Shiga Ba

Yaya Zakariya'u,

Na wuce Tsibiri, ban iya jiran ka dawo daga Jiratawa ba. Inna ta kira da safen nan, ta ce bakin Kaka Tani ya rufe, sai dai kallo.

Jiya ne fa ta yarda a ɗauki waƙoƙinta na niƙa, bayan shekarun da muka yi muna roƙon ta. Na haɗa akwatin sautinka da 'yar ordinatar, kwamfutar nan, yadda ka gwada mini. Fitila ta yi kore, na kai mata mikro har bakin gado, ni na zauna ƙofar ɗaki da ordinatar ɗin. Ta yi waƙa har muryarta ta dushe.

Da na dawo gida na saurara, babu ita. Ashe kabul ɗin da ya haɗa akwatin da ordinatar ne ya saki, na'urar ta koma ɗauka da ɗan mikron jikinta. Na sauya wa kabul ɗin rami, na kashe na kunna, akwatin ya ƙi fitowa a fuskar na'urar. Na zagaye kasuwa a kabu-kabu, kowa ya ce tunda aka rufe iyaka irin kabul ɗin bai shigowa.

Don Allah kada ka goge abin da ya ɗauku. Sa kask a kunne ka gwada, ko akwai ɗan saura nata can ƙasa. Ni dai kaji kawai na ji, sai muryata raɗau ina ce mata, "Ci gaba, Kaka, yana shiga."

Ƙanwarka,
Tsahara