Tayoyi Masu Farin Gefe

Asabar, 7 ga Maris, 2009
Tayoyin sun iso, bayan wata huɗu muna jira. Othman mai gyaran taya a unguwar Kurayyat ya kira ni da hantsi: "Ya Adamou, yalla, amarenka sun sauka." Guda biyar, har da ta ajiya, kowace a naɗe cikin takarda. Sabbi fil amma ƙirar da, sirara, da farin gefe mai faɗin yatsu uku, irin waɗanda motar Kadilak ta Alhaji Abdulghaffar ta zo da su a 1966. Othman ya ce wata masana'anta ce a Amurka take sake yin su saboda masu tsofaffin motoci. An shafe farin da wani shuɗin abu don kada ya yi datti a hanya.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa Alhaji. Shekara shida ke nan motar tana ɗage a kan bulo don rashin taya.

Lahadi, 8 ga Maris
Na wanke shuɗin da soso da sabulu. Da yatsa na riƙa bi ina jin inda ya saura, don idon nan... A bar maganar.

Talata, 10 ga Maris
Alhaji ya sa aka turo shi a keke har gareji. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, wata takwas ke nan, bai sauko ƙasa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya Adam, wallah haka take ranar da babana ya karɓo ta a tashar jirgin ruwa." Yana so a kai shi Balad, tsohon gari, ya ga tsohon kantin babansa, daga nan bakin teku. Idris, ɗansa, ya ce shi zai tuƙa. Alhaji ya ce, "La, a'a. Adam."
Na ji daɗi. Sai kuma na tuna da idon nan.

Alhamis, 12 ga Maris
Matata Zeinabou ta miƙo min shayi ta gefen dama, ban san ta miƙo ba sai da ta taɓa ni. Ta ce, "Malam, sai yaushe za ka faɗa musu?" Na ce tsakiya ina gani sarai, gefe ne kawai yake duhu. Ta ce ai mutane a gefe suke tafiya.
A iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, direba aka rubuta. In babu tuƙi me za a rubuta? Garinmu Damagaram kuwa, yawancin waɗanda na sani can suna makabarta.

Litinin, 16 ga Maris
Na gwada motar a layin gida, sau biyu. Lafiya lau. Fita ɗaya ce dai. In na kai Alhaji na dawo da shi, sai in faɗa.

Laraba, 18 ga Maris
Ban san ta inda zan fara ba.
Mun fita bayan ƙarfe tara, Alhaji a baya da farar tagiyarsa, ya sa turare kamar ranar Idi. Mutane suna nuna mu, wani mai taksi har ya yi mana hon yana dariya. Muna dab da shiga Balad, a wata kwana, sai na ji Alhaji ya ƙwala ihu da wannan karkataccen bakin nasa: "Hurma! Mace, ya Adam, damanka!" Ban gan ta ba. Wallahi ban gan ta ba. Na karya kan mota hagu, tayar gaba ta gogi dakalin titi da wata ƙara da har yanzu nake ji a haƙorana.
Matar ba abin da ya same ta. Burodinta ne ya zube. Ta tsince, ta dube ni, ta wuce. Da ma ta zage ni.
Na durƙusa na shafa tayar. Farin ya kwaile tsawon tafin hannu biyu.
Alhaji ya ce in shigo in zauna. Na zauna, ban waiwaya ba. Ya ce, "Kafin in kwanta, shekara guda ina ce maka danja ta yi ja, ga mota nan ta dama. Ka zaci surutun tsufa ne?" Ya ce ya sani tuntuni. Ya ce son ransa ne ya sa ya nace sai ni, laifin nasa ne. Na ce a'a, Alhaji, nawa ne. Muka zauna muna jayayya a kan laifi, mu biyu tsofaffi, motoci suna zagaye mu.
Idris ya zo a taksi ya mayar da mu gida. Ba mu ga kantin ba.

Alhamis, 19 ga Maris
Ban fita daga unguwarmu Nuzla ba.

Asabar, 21 ga Maris
Othman ya zo ya sa ta ajiyar. Ya juya kwailalliyar, ya ce wannan ba ta wankuwa, ba ta fentuwa. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Allah ya saka masa.

Talata, 24 ga Maris
Idris ya kai ni wurin likitan ido. Hawan jinin ido ne, ya daɗe. Abin da ya tafi ba ya dawowa. An ba ni maganin ɗigawa don a riƙe sauran.
A hanya Idris ya yi ta kokawa da Hausarsa: "Ammi, Baffa Adam, lesh... me ya sa ba ka faɗi ba?" Ni na riƙa kai shi makaranta, yau shi yake min faɗa a hankali. Na yi ƙarfin hali na tambayi maganar iƙama. Ya ce, "Baba ya ce muddin yana raye..." Bai ƙarasa ba. Dukanmu mun ji abin da likitan Alhaji ya faɗa watan jiya, cewa lokaci ya kusa.
Zeinabou ta fara tambayar kuɗin jirgi zuwa Yamai. A ɓoye, wai.

Alhamis, 2 ga Afrilu
Mun sake fita. Idris a sitiyari. Na buɗe ƙofar gaba, Alhaji ya daki kujerar da ke kusa da shi da hannunsa mai lafiya. Na ce bai dace ba. Ya ce, "Halas, ya isa, ya Adam. Shigo."
Kujerar bayan nan na goge ta ya fi sau dubu, ban taɓa zama a kanta ba. Laushi gare ta.
Kantin babansa yanzu wayoyi ake sayarwa. Ya duba kaɗan, ya ce a wuce.
A bakin teku Idris ya tafi a hankali, gilasai a sauke. Na juya kaina gaba ɗaya na kalli ruwan. Da can titi kawai nake kallo. Ashe launinsa biyu ne, kore a kusa, shuɗi a can.
Alhaji ya yi barci, kansa a kafaɗata. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban motsa ba har gida, hannuna ya mutu.
Yaron nan Idris yana shiga kwana da gudu. Sau ɗaya kawai na yi magana.