Hannun Mamman Dogo da Laujen Ɗana

Zuwa ga Mai Girma Lauyan Gwamnati da ke riƙe da takardun ɗana Sani, a Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Shekarun baya na ji ana cewa wai Mamman Dogo, ɗan damben Kwatarkwashi, ya taɓa kashe maraƙi da naushi guda. Dariya na yi. Ni da na tashi a gaban kaka mai tatsuniya, na san yadda labari ke ƙiba a hanya.

Ranka ya daɗe, wannan Mamman shi ne ya mutu a hannun ɗana a kakar bana. Sani yana tsare wata uku ke nan, kuma an ce mini maganar da ta fi nauyi a takardunsa ita ce mamacin ba ya riƙe da makami.

Na ɗaya, mu nan gamba muke shukawa a iyakar gona. Sani ya tarar da Mamman yana tuge tamu da saiwarta. Wanda ke son zana yankan gamba yake yi. Mai tugewa iyaka yake nema. Da Sani ya yi magana, sai Mamman ya kayar da shi, ya hau kansa ya shaƙe.

Na biyu, laujen da Sani ya sari Mamman da shi na aiki ne, da shi ya fito gida. Sara ɗaya ya yi daga kwance, kuma shi ya yi ihu aka kawo ɗauki. Kwana tara bai iya haɗiye tuwo ba.

Na uku, ban ce ran Mamman ba rai ba ne. Na bi gawarsa har makabarta. Tambayata kawai, idan numfashin mutum yana yankewa, doka tana so ya tsaya duba hannun mai shaƙe shi ko akwai wuƙa? In haka ne, a faɗa mana a sarari.

Ina roƙon a duba takardar asibiti kan wuyan Sani, a saurari waɗanda suka san hannun Mamman, a kai maganar gaban alƙali. Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare ka da zaluntar kowa.

Batun maraƙi kuwa, na daina dariya. Wanda ya ba ni labarin na ƙarshe, ranar da na je ta'aziyya, shi ne Malam Isa, mahaifin Mamman. Ya ce maraƙin nasa ne, kuma in an kira shi zai zo.

Wassalam.

Naka, mahaifin Sani,
daga ƙasar Bunguɗu.