Rawar Nana A'isha a Bakin Titi

Kankiya,
Maris, 2002.

Zuwa ga Yaya Bishir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya Kaduna, ya aiki? Inna tana gaishe ka, ta ce ƙafar da sauƙi. Ilham ta fara tafiya, ba abin da ba ta jawowa ƙasa.

Yaya, kyamarar nan da ka bar mamu ta hana ni sukuni. Ni da maigidana, abokin naka Baban Ilham, mun kama shagon ɗaukar bidiyo a bakin titi inda motocin Kano ke tsayawa, mun rubuta suna da fenti, mun zauna muna kallon hanya. Tun bayan ƙaramar salla aiki ɗaya tak muka yi. Kullum in share shago, in goge kyamara, in leƙa waje, in dawo in sake goge ta. Wallahi har na fara jin haushin motocin da ke wucewa.

Aikin a Mawashi ne, gidan marigayi Malam Ɗalha, bikin autarsu Haulatu. Baban Ilham ya ɗauki ɗaurin aure a waje, ya miƙo mani kyamara ta zaure na shiga wajen mata. Uwar gidan, Inna Kubura, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ke ɗiyar nan, gidan nan na kulle ne. Abin da ƙarfen nan ya gani, wa zai gani?" Na ce ba kowa sai ku. Ta ce in rantse, na rantse. Nan fa mata suka saki jiki, aka kifa ƙwarya a ruwa, aka yar da mayafai. Akwai surukarta Nana A'isha, matar ɗanta Kabo, mai kunya ce ta gaske, Inna Kubura da kanta ta jawo ta tsakar fili. Yaya, ban taɓa ganin rawa irin tata ba.

Kaset ɗin bai kai gare su ba tukuna. Ba su da talabijin, sai mun ɗauki namu da janareto mun kai masu kallo.

Don Allah ka faɗa mamu yadda ake jawo mutane. Ka ba direban da ya kawo maka wannan amsa.

Ƙanwarka,
Hussaina.

*

Kaduna,
Afrilu, 2002.

Hussaina,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ki gaida Inna, ki ce ta daina hawa turmi tana ɗebo dawa da wannan ƙafar.

Ke dai gaggawarki tana nan tun kina ƙarama. Sana'a ai ba gasa masara ba ce. Ki karanta wa mijinki Musbahu wannan, tun da na san shi da wasiƙa kamar kare da wanka.

Kada ku fita aiki da batir ɗaya, ko da mai gidan ya rantse akwai wuta. Rana ta zama a bayanku, ba a bayan wanda kuke ɗauka ba, in ba haka ba kowa zai fito baƙi ƙirin a ce kun ɓata ango. In kun isa wuri ku fara da tsofaffi, a gaishe su a ɗauke su. Tsoho in ya ga kansa a talabijin, shi ne zai yi maku talla har kabarinsa. Kada a ɗauki mutum yana kai loma. Sunan shagonku ya fito a farkon kowane kaset da ƙarshensa. Uwar kaset kuwa, wadda ake kwafa daga gare ta, ba ta barin hannunku ko wa ya roƙa, ita ce dukiyar mai sana'a.

Amma babban abu shi ne, mutane ba sa sayen abin da ba su gani ba. Kuna bakin titi kuna ɓoye kaya kamar masu sata! Ranar kasuwa ku fito da talabijin ƙofar shago, ku ƙure murya, ku sa aikinku mafi kyau. Mu nan haka muka tashi. Za ki ba ni labari.

Yayanki,
Bishir.

*

Kankiya,
Afrilu, 2002.

Yaya Bishir,

Salam. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ka ce zan ba ka labari, to ga shi. Ranar kasuwa na kai Inna a duba mata ƙafa. Abokin naka ya fito da talabijin kamar yadda ka ce. Aikinmu mafi kyau, wanne muke da shi in ba na Mawashi ba? Ya sa. Ɗaurin aure ya wuce, kaset ya shiga cikin gida, shi kuma yana can yana murna jama'a sun taru. Direbobi, 'yan kamasho, masu rake, fasinjojin da ba mu san daga ina suke ba, har kan mota aka hau. Da aka zo rawar Nana A'isha wani ya ɗaga murya ya ce, "A maido mamu wurin mai jan zane!" Yaya, ya maido. Ya maido masu har sau nawa, shi ma bai sani ba.

Kabo yana cikin taron. Wake ya kawo kasuwa. Matar da ko maƙwabcinsa bai san fuskarta ba, ita ce 'yan tasha ke yi wa shewa da fito. Ya hau kekensa ya koma gida. Kafin la'asar ya ce da ita ta tafi gidansu Kafin Soli sai ya neme ta. Bai furta saki ba, amma kowa ya san abin da ke bin bayan irin wannan magana.

Na ce da Baban Ilham, "Ba ka ji na ce na rantse masu ba?" Wai ya ɗauka rantsuwar ta kada a sayar da kaset ce. Ka ji fa! Tun ranar tuwo kawai nake aje mashi, ba na magana.

Wani bikin suna da aka yi mamu alkawarin ɗauka a Kusada an aiko an fasa. Wannan bai dame ni ba, ko shagon ma zai ƙone ya ƙone. Abin da ke hana ni zama shi ne yarinyar nan, ba ta yi komai ba sai bin umarnin uwar mijinta, ni kuma na dubi tsohuwa ido cikin ido na kira sunan Allah. In auren nan ya mutu, ni na kashe shi. In zauna in tashi, in fita tsakar gida in dawo, ban san inda zan sa kaina ba.

Hussaina.

*

Kaduna,
Mayu, 2002.

Ƙanwata Hussaina,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake ɗauko takardarki ta farko, ga maganar rantsuwar nan ɓaro-ɓaro, idona ya tsallake ta yana neman wurin ba da shawara. Na daɗe a birni har na manta abin da zaure ke rabawa. Laifin Musbahu rabi ne, ki rage mashi.

Ki ce ya nemi liman su tafi wajen Kabo, ya durƙusa ya ba shi haƙuri a gaban mutane, tun da a gaban mutane aka yi. Ku ce za ku yanke wurin rawar daga kaset. Uwar kaset dai ki riƙe, ba a san gobe ba.

Ki ci abinci, Inna ta aiko mani kin rame.

Yayanki,
Bishir.

*

Kankiya,
Mayu, 2002.

Yaya Bishir,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Inna da sauƙi, Ilham lafiya lau.

Baban Ilham da liman sun tafi wajen Kabo. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "In kun yanke daga kaset, wa zai yanke daga idon 'yan tasha?" Haka suka dawo.

Sai na saɓa maka, Yaya. Na ɗauki uwar kaset da kwafinta na ƙulle a ɗankwali, na hau motar Kusada na sauka Mawashi. Inna Kubura ta bar ni tsaye a tsakar gida rana na dukana, matan gidan kowa ta shige ɗaki ta saki labule. Da ta gaji ta ce, "Mi ya kawo ki?" Na kwance ɗankwali na aje a gabanta na ce, "Ga amanarku, babu sauran ko ɗaya a wajenmu."

Ta aika aka kira Kabo daga gona. Ta ce mashi, "Ni na bar ƙarfen nan ya shigo gidan ubanka. Ni na jawo hannun matarka tana noƙewa. In kora ce, ni za ka fara kora, ga tabarmata nan naɗe mani." Kabo ya ce shi dai a ƙone kaset ɗin. Ta ce, "Za a ƙone, amma sai mai ɗakin tana cikin ɗakinta." Ya juya ya fita.

Daga nan na wuce Kafin Soli. Nana A'isha ta ƙi fitowa, mahaifiyarta ta ce in tafi kawai.

Na faɗa wa Baban Ilham, in Allah ya sa wani gida ya sake buɗe mani ƙofa, kaset ɗin da na ɗauka a cikin gida a cikin gidan zai kwana. Talla kuwa ya yi da ɗaurin aure da tsofaffinka. Har yanzu kunnena na bakin titi, duk motar da ta tsaya sai na leƙa.

Ga wata takarda da aka kawo mani yanzu ina shirin rufe wannan. Na haɗa maka ka karanta da kanka.

Ƙanwarka,
Hussaina.

*

Mawashi.

Hussaina,

Salamu alaikum. Ni ce Nana A'isha. Jiya maigida ya zo da kanshi ya maido ni ɗakina.

Ban yafe maki ba tukuna, kada in yi ƙarya. Amma ranar Juma'a in an sauko masallaci za a ƙone kaset ɗin, shina ƙarƙashin katifar Inna. Ki zo ranar Laraba da hantsi in maza sun tafi gona, ki taho da talabijin da janareton nan naku. Inna ta sani, ita za ta zauna a bakin zaure.

Duk Kankiya sun ga rawata, ni kaɗai ce ban gani ba.

Ki gaida ɗiyarki.

Nana A'isha.