Makahon Fim Ya Hana Ni Kai 'Yata Makaranta

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Shirya Fina-finai
Daga: Mai saƙar kujeru, shago na huɗu, bayan tashar mota
Kwanan wata: 2 ga Satumba

Game da: Makahon da mota ta buge a fim

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni makaho ne shekara talatin da ɗaya ke nan, ashe duk tsawon lokacin nan ba daidai nake yin makantar ba.

1. Ranar 6 ga Maris wani darakta ɗan ƙungiyarku ya kawo jaruminsa shagona ya koyi makanta. Kwana uku yana kallona ina saƙa, ina zuba shayi, ina tsallaka titi. Daga ƙarshe daraktan ya sanar da ni cikin ladabi cewa tawa makantar ba ta fito sosai ba. Na ba da haƙuri.

2. Ranar 19 ga Yuli fim ya fito, matata tana faɗa mini abin da ake nunawa. Makahonsu ya yi tuntuɓe da bokiti sau huɗu, a cikin ɗakinsa fa, ranka ya daɗe! Ya shafa fuskar duk wanda ya gaishe shi, har ɗan sanda. Da ya fita titi shi kaɗai mota ta buge shi, aka saki kiɗan tausayi. Matata har da share hawaye. Shekara sha biyu muna tare, ni ban taɓa samun ko ɗigo ba.

3. Autarmu, 'yar shekara bakwai, ta kalla tare da mu. Shekara biyu ni ke kai ta makaranta. Na san ramin da ke gaban kantin magani, ita ce ma ke faɗawa ciki. Washegari ta ɓoye sandata ƙarƙashin katifa, ta tare ƙofa tana kuka wai kada in fita. Na lallashe ta, na yi rantsuwa, ta ce ita ta gani da idonta. Wannan hujjar kuwa ba ni da irinta, kuma wallahi ta yi mini ciwo.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya umurci daraktan ya ƙara minti ɗaya kacal: makahon ya tsallaka titi, ya isa gida, ya ci abincinsa. Ba sai da kiɗa ba.

Ranar 15 ga wata ake komawa makaranta. Autar ta sake wa sandar wuri, kuma har yau ta ƙi faɗa mini inda take.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Mai saƙar kujeru