Tafintar Baba

Awendjé, Libreville
3 ga Mayu

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya mutanen Malumfashi?

Jikin Baba ya ƙi daɗi. Likita ya sallamo mu, ya ce a kai shi gida a lallaɓa. Ba abin da yake nema sai Fada, limamin coci, ya furta masa zunubansa. Kin san Baba, shekara biyu a wurina amma ko gaisuwar Faransanci bai riƙe ba, Fadan cocinmu kuma ba ya jin Hausa. Hausawan garin nan Musulmi ne, a cocinmu ni kaɗai ce mai jin harsunan biyu.

Fada ya ce ko da Baba ya buga ƙirji kawai alamar tuba, zai yi masa addu'ar gafara. Baba ya ce shi ba kurma ba ne, abin da ya riƙe shekara arba'in sai kunnen da ya fahimta ya ji shi. So yake a kira masa Fada Bitrus na gida a waya.

Jiya na hau taksi zuwa wurin bishop, shugaban su Fada. Ya karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi. Ya ce da azumi ne ko zuwa coci ran Lahadi, da ya ɗauke wa Baba nan take. Amma furta zunubi ta waya ba ya cikin ikonsa, sai mai tuba da Fada suna wuri ɗaya. Na durƙusa, na yi kuka, ya ce abin da ya rage shi ne tafinta. Malam Mahfuz, Bahaushen da ke da shago a unguwarmu, ya ce zai yi tafintar don Allah, Baba ya ƙi, wai ba zai tuɓe a gaban abokin hirarsa ba. Saura ni.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rifkatu

Awendjé, Libreville
29 ga Mayu

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Baba.

Kin ji an ce ya tafi da gafara. Gaskiya ne, da bakina aka yi. Ya juya fuska bango yana faɗa, ni ina mayar wa Fada, jimla bayan jimla. Da aka gama ya yi barci kamar jariri. Ni ce har yau ban san daɗin barci ba.

Kafin a fara Fada ya gargaɗe ni cewa tafinta ma bakinta a ɗaure yake har kabari. Na ce to, don ban san me zan ɗauka ba. Bayan jana'iza na koma wurin bishop, na roƙe shi ya kwance ni, ko mutum ɗaya in faɗa wa. Ya ce wannan ma ba shi da iko a kai. Wanda zai iya ba ni izini Baba ne, shi kuwa yana ƙasa. Baba ya sauke kayansa, ni na ɗauka, kuma ba inda zan kai su.

Sau uku kina tambayata a waya ko Baba ya ambace ki. Shi ya sa na daina ɗauka, ba fushi nake yi ba. Bana ba zan zo Kirsimeti ba. Don Allah, Yaya, kada ki sake tambayata.

Taki har kullum,
Rifkatu Ɗanlaraba