Waƙa da Lambobi

Brisbane

Zuwa ga Yaya Melenaite,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya mutanen Ha'apai, da mawaƙan cocinmu?

Ni lafiya lau. Ɗalibai sittin nake jagoranta a rera waƙa a jami'ar nan, ni da ban wuce aji huɗu na sakandare ba. Ba wanda ya ɗora ni, kunnena ya kawo ni.

Sai dai 'yar matsala. Kin san mu a Tonga da lambobi muke rubuta waƙa. Su kuwa nan ɗige-ɗige ne a kan layuka biyar, kuma ba na karanta su sosai. Kowace waƙa sai in saurara, in mayar da ita lambobi a ɓoye. Rannan wata ɗaliba ta leƙa takardata, ta ce, "Malam, yau lissafi za mu rera?" Na ce, "Ke dai buɗe baki, yarinya, muryarki ce ta faɗi jarrabawa." Aka yi dariya, amma magana ta kai kunnen shugabar sashe. Wata mai zuwa za ta ba ni waƙar da ban taɓa ji ba, in jagoranta daga takardarsu. In na kasa, ba za a sabunta aikina ba.

Kada ki damu, ina koyo. Ki aiko min da littafin waƙoƙin Baba, ina son ganin rubutunsa. Allah ya yi wa yaranki albarka.

In kin gan ni a Disamba, ki ce wa Mama hutu na zo.

Ƙanenki,
Kelepi