Akwatin da Ka Ƙi Haɗawa a Jimeta

Zuwa ga mahaifina, Malam Buba kafinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mini, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mahaifiyarmu Dada tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ka bar ta da shi. Yayana Hamma Sali da iyalinsa ma lafiya lau. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu takarda, amma ka san halina, tun ina ƙarama ba na iya barin tambaya ta kwana a cikina. Shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma sai yanzu na samu tambayar da ta fi ƙarfina.

Maganar kayan aikinka ce. Suna nan inda ka bar su, cikin buhun nan da ka ɗaure wa baki da igiya, a bayan ƙyauren ɗakin Dada a gidanmu na Limawa. Ba wanda ya taɓa su sai daminar bana, da ruwa ya biyo bango ya jiƙa gindin buhun. Na kwance na duba, sai ga tsatsa ta ci haƙoran babban zartonka, gizago kuma ya yi ja. Raina ya ɓaci ƙwarai, da kaina na fi jin haushi. Ni da Hamma muka yarda cewa lallai a sama musu akwati. Daga nan ne muka rabu: shi ya ce a saya, ni na ce a haɗa.

Ka tuna akwatinka na Mubi? Na maɗaci ne, ka ce kai ka haɗa shi da hannunka a shekarar da maigidanka ya yaye ka. Kowane ƙarfe yana da gurbinsa a ciki, zarto a jikin murfi, guduma a gefen dama, sukwayar auna kusurwa a wani ɗan tsagi da ba abin da ke shiga sai ita. In wani ya ari abu bai dawo da shi ba, kana buɗewa za ka gani, don gurbin zai yi ta kallonka. A kansa nake zama ina cin gyaɗa ina damunka da me ya sa, me ya sa, har ka ce in tafi in taya Dada tsince shinkafa.

Ranar da masu bindiga suka shigo Mubi, da hantsi ne. Kai da Hamma kuka kama akwatin, kuka kai shi tsakar gida, kuka dire. Kuka sake ɗauka, ba ku kai zaure ba kuka sake direwa. Sai na ga ka zazzage buhun masara a ƙasa, ka kwashe ƙarafan ka zuba a ciki. Muka fita muka bar akwatin a buɗe. Hamma ne ya ɗauki buhun a ka, yini biyu cikin daji, kafin mu samu motar da ta kawo mu Yola. Da hankali ya kwanta Hamma ya koma ya duba gidan, ya ce ko murfin bai tarar ba.

Saboda haka ba na ganin laifinsa. Ya ce mini shi ya yi rantsuwa ba zai sake mallakar abin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ya gudu da shi ba. Ya ja ni babbar kasuwar Jimeta don in gani da idona. Baba, da ka ga abin da ake yi yanzu, da kai ma ka tsaya kallo. Akwai na roba, akwai na ƙarfe mai hawa uku da ke buɗewa kamar matakala, akwai ma mai taya da mariƙi, a ja shi kamar jakar matafiya. Na yi ta buɗewa ina rufewa, ina leƙa ƙasansu in ga yadda aka haɗa su, har mai shagon ya tambaye ni ko saya na zo yi ko bincike. Gaskiya sun burge ni. Ruwa ba ya shiga, gara ba ta ci, kuma da hannu ɗaya na ɗaga babban cikinsu.

Sai dai na je da tsawon zartonka a jikin zare. Na gwada a duk akwatunan shagon, ba wanda ya ɗauke shi. Mai shagon ya ce ai wannan ba matsala ba ce, a sayi gajeren zarto. Hamma ya ce a rataye dogon a bango. Ni kuma na ce kayan da suka yi tafiyar daji tare ba zan raba musu makwanci ba. Muka hau keke muka dawo gida.

A hanya ne tambayar ta faɗo mini. Baba, shekara takwas ka yi kana aiki a Jimeta. Ka haɗa wa makarantu benci, ka haɗa wa amare gado, kujerar tsugunno kuwa ban san iyakar waɗanda ka yi wa matan Limawa ba. Me ya hana ka haɗa wa kanka akwati? Kullum la'asar sai ka zuba ƙarafanka a buhu kamar mai tallan gwangwani, ka ɗaure, ka taho da su gida. Na sha tsokanarka cewa kafintan gari guda ba shi da akwati. Sai ka yi murmushi ka ce, “Ana nan dai, Rabi.” Ni kuwa da na iya tambaya a kan komai, ban taɓa bin wannan amsar na ga inda ta nufa ba.

Na ɗauki tambayata na kai wa Baba Yohanna. Ka san ba zan je wurin kowa ba sai shi, kafintan nan mutumin Numan da ya raba rumfarsa biyu ya ba ka rabi a makon da muka iso, alhali bai san ka ba, bai san asalinka ba. Ya tsufa, amma yana nan yana aiki, kuma har gobe in an ambace ka sai ya cire hularsa ya shafa kai. Da na gama magana sai ya miƙe. Ya jawo tsani ya jingina, ya ce in hau in leƙa ƙarƙashin kwanon rumfar.

Katako shida na gani, na maɗaci, a jere a kan azara, an sa 'yan sanduna a tsakaninsu. Ya ce naka ne. Ya ce tun shekararmu ta farko ka saye su, ka ce na akwati ne, kuka ɗora su tare. Na tambaye shi amfanin sandunan, ya ce don iska ta ratsa ta ko'ina, domin katakon da aka haɗa da ɗanyensa yakan murɗe daga baya, murfi ya ƙi zama. A inuwa ake busar da shi, ana juya shi lokaci lokaci, kuma a zafin Yola shekara ɗaya ta isa, in an daɗe biyu. Ya ce duk shekara yakan ce maka, “Buba, katako ya bushe, mu sauke.” Sai ka hau tsanin, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka kasa kunne, ka sauko ka ce, “Da saura.”

Ban yarda da labari kawai ba, ka san ni. Na sa ya kawo mini ɗanyen katako daga cikin na aikinsa, na ƙwanƙwasa, na ji sautin ya nutse a ciki. Na ƙwanƙwasa naka, ya amsa tas. Ni malamar firamare da ban taɓa riƙe zarto ba na ji bambancin a karo na farko. To kai da ka yi shekara arba'in kana sauraron katako, me kake ji da ya rage?

Na yi ta juya abin. Da ba ka da niyyar zama a Jimeta, da ba ka sayi katakon ba, kuma ba za ka zaɓi maɗaci mai nauyi ba alhali ga filawud a ko'ina. Da kuma ka yarda mun zauna, da ka sauke shi ka yanka. Ina ga kai ma ba ka sani ba, shi ya sa kake hawa tsani kana tambayar katako. Da farko na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, don mu muna ganin ka saba da garin, kana zuwa suna da jana'iza, ashe kowace la'asar a shirye kake da tafiya. Daga baya tausayinka ya kama ni har na kasa cin abinci ranar.

Na ce wa Baba Yohanna mu sauke. Ya dube ni ya ce shi ba zai haɗa mini ba, sai dai ya tsaya a kaina in haɗa, don ba a yi wa kafinta akwati da hannun wani, kuma ni ce hannunka da ya rage a kusa. Haka na riƙa zuwa duk Asabar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a fara da tef ɗin awo ba. Ya sa na shimfiɗa kayanka duka a ƙasa, na jera su yadda za su kwanta, sannan muka zana akwatin a kewayensu. Dogon zarto ne ya yanke tsawo, gizago ya yanke zurfi. Ashe shi ya sa na kasuwa suka ƙi karɓarsu, su an riga an yi su kafin a san abin da zai shiga.

Kada ka tambaye ni yadda yankan farko ya kasance. Na bi layin fensir ta ɓangaren da ba shi ba, katakon ya gajarce da kaurin zarto, Baba Yohanna ya yi dariya har da tari. Ya ce ina riƙe zarto kamar alli, in bar shi ya ci da kansa, kada in danne. Masu keke suna tsayawa su kalli mace da zarto, wani har ya ce ko mijina ya gaza ne. Na ce masa ya zo ya riƙe mini katako in yana da lokacin surutu, ya ja kekensa ya wuce. Kusurwowin kuma ba ƙusa muka sa ba, haƙora na fere a bakin kowane katako suka shige cikin juna. Uku sun zauna daram. Ta huɗun tana da ɗan gibi, na cike da gam da garin katako, kuma na san da ka gani da ka yi tsaki.

Da aka zo ƙarshe, Baba Yohanna ya tambaye ni ko za a sa masa mariƙi a gefe biyu. Ranar Hamma ya biyo ta rumfar. Ya kama gefe ɗaya ya ɗaga, ya dire, ya ce wannan ya fi na Mubi nauyi. Ya ce na manta ne, don ba ni na ɗauki buhu a ka ba, ba wuyana ne ya yi wata guda bai juyu ba. Ya ce in wani abu ya sake faruwa, Allah Ya kiyaye, haka za mu sake zazzagewa mu bar shi a buɗe. Ban iya ce masa ƙarya yake ba, Baba, don gaskiya ya faɗa. Sai muka ce a kai wa Dada, duk abin da ta ce shi ke nan. In ta ce na kasuwa, ni da kaina zan je in sayo mai tayar.

Mutum huɗu ne suka sauke shi daga mota zuwa tsakar gida. Dada ta fito tana dafa bango, ta zaga shi sau ɗaya, ta buɗe murfin ta shinshina. Ta gane katakon, ban san ta yaya ba, ko ka taɓa gaya mata ne? Hamma ya yi mata bayanin nauyi da na mariƙi, ya yi shi da kyau, bai rage komai ba. Ta saurare shi har ya gama. Sai ta ce a shigar da shi ɗakinta, a ɗora a kan bulo saboda gara. Hamma ya ce to mariƙin fa? Ta ce, “Sali, mai kayan yana kwance a maƙabartar Jimeta. Ina za ka kai masa su?”

Hamma ya juya. Ya shiga ɗaki ya jawo buhun, ya kwance igiyar, ya durƙusa. Shi ya goge kowane ƙarfe da mai, shi ya sa kowanne a gurbinsa, don ya fi ni sanin yadda kake jera su. Hawaye na zuba masa yana aikin, bai share ba, mu ma ba mu yi kamar mun gani ba.

To Baba, ga abin da muka yi da katakonka ba da izininka ba. In mun yi gaggawa ka yafe mana. Har yanzu ina son sanin abin da kake ji in ka kasa kunne a saman tsanin nan, amma na haƙura sai mun haɗu, kuma ka shirya, don tambayoyin sun taru.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya saka wa Baba Yohanna da alheri, Ya sanyaya zuciyar Hamma, Ya ba Dada lafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa kada wani uba ya sake tsayawa a tsakar gidansa yana zaɓen abin da zai iya ɗauka. Amin.

Taka har kullum,
'yarka mai yawan tambaya,
Rabi